Yadda Na Rufe Bakin Bargo da Mazurarin Bayas

Bargon da zan ba da labarinsa irin wanda ake harhaɗawa ne da ƙananan ƙyallaye, wanda Turawa ke kira kwilt, kuma hawa uku gare shi: fuskar sama da aka jona gunduwa-gunduwa, shimfiɗar auduga a tsakiya, sai yadi guda a baya. Tsawonsa inci 72, faɗinsa inci 60, na kuwa shafe watanni a kansa kafin in iso ga aikin ƙarshe, wato rufe bakinsa ta yadda auduga ba za ta leƙo ba, zaren yadin kuma ba zai riƙa zarewa ba. A barguna huɗu da na ɗinka kafin wannan, hanyar da yayata ta koya mini na bi. Akan yanka ƙyalle mai faɗin inci 2½, a ninka shi biyu a tsawonsa, a ɗinka shi da keke a fuskar bargon, sannan a juya shi baya a bi shi da allurar hannu, sūka bayan sūka, har a zagayo inda aka fara. Aikin yakan yi kyau ƙwarai idan an gama, amma yakan ci mini dare uku ko huɗu, ga shi kuma yatsun hannuna na dama sun fara ciwo duk lokacin da na daɗe riƙe da allura. Wannan ne ya sa na nemi ƙarfen nan da ake ɗaura wa keken ɗinki, wanda ke ninke ƙyalle da kansa ya lulluɓe bakin bargo, allura kuma ta kama sama da ƙasa a wucewa ɗaya.

Masu sayar da shi bainda suke ce masa, ni kuwa mazurari nake kiransa, domin da mazurari ya yi kama: bakinsa na shiga yana da faɗi, yana tafiya yana tsukewa, ƙyalle ya shiga a shimfiɗe ya fito a ninke gida huɗu. Abin da ban sani ba da farko shi ne iri-iri ne, kuma ba kowanne ne ke iya bargo ba. Akwai ƙafar keke, wato abin nan da ke danne yadi a ƙarƙashin allura, ta roba mai haske, mai ɗan sukuru a gefe da ake murzawa don a daidaita faɗi, wadda aka yi ta domin bayas, wato siririn ƙyallen rufe baki da ake yankawa a karkace, irin wanda aka riga aka ninke aka goge. Ina da irinta tun da daɗewa a cikin akwatin kayan keke, kuma da ita na fara gwaji, sai dai bakin bargon ya ƙi shiga tsakanin leɓɓanta, da na tura shi da ƙarfi kuwa sai bayas ɗin ƙasa ya zame ya bar allura tana sukar iska. Akwai kuma ƙaramar ƙafar ƙarfe mai naɗi kamar katantanwa, irin wadda ke zuwa cikin kayan tsofaffin kekunan Singer, mai karɓar ƙyalle ɗan ƙasa da inci 1 ta fitar da baki na kwatan inci. Wannan ta dace da wuyan rigar yaro ko bakin yadi mai hawa ɗaya, amma kwatan inci ba zai rungumi hawa uku har da auduga ba.

Na ukun shi ne wanda ake buƙata. Ba a jikin ƙafar keke yake ba, a kan shimfiɗar keken ake ɗaure shi da sukuru, gaban allura ta ɓangaren dama, kuma yana da hannu mai juyawa ta yadda za a iya ture shi gefe a dawo da shi ba tare da an kwance komai ba. Kamfanin Bernina yana da nasa masu lamba 87 da 88, na farkon domin bayas ninkakke, na biyun domin ƙyallen da ba a ninke ba, kuma dukkansu da ƙafa mai lamba 95 suke aiki. Janome ma yana da nasa da aka yi musamman domin bakin bargo. Nawa dai ba shi da sunan kamfani a jikinsa, irin wanda ake ɗaura wa manyan kekunan masana'anta ne, lambobi biyu kawai aka buga a kansa: yana karɓar ƙyalle mai faɗin inci 2, yana fitar da baki mai faɗin rabin inci. Lissafin kusan kullum haka yake, kashi huɗu ya shiga, kashi ɗaya ya bayyana a kowace fuska, saura biyun kuma su ne gefunan da aka kalmashe ciki.

Ɗaura shi bai ɗauki lokaci ba, tunda kekena yana da ramukan sukuru biyu a shimfiɗarsa, amma daidaita shi da allura ya ci mini yamma guda cur. Ana so allura ta sauka kusa da ninkin cikin bayas, kamar kashi ɗaya cikin 16 na inci daga gefensa, a sama da ƙasa baki ɗaya. Idan ta yi nisa da ninkin, za a bar wani leɓe yana tashi. Idan ta matso da yawa, za ta kama na sama ta kuskure na ƙasa, mai ɗinki kuwa ba ya ganin ƙasa. Nakan sassauta sukurun, in matsar da mazurarin da kaurin farce, in ɗaure, in ɗinka taƙi guda, in juya in duba, in sake sassautawa. Daga baya na gane cewa ya fi sauƙi in ɗaure ƙarfen a wuri ɗaya in riƙa matsar da allurar kanta dama ko hagu, tunda keken yana da wannan damar. Na kuma lura cewa dole bakin mazurarin ya matso daf da ƙafar keke ba tare da ya taɓa ta ba, domin duk ratar da aka bari tsakaninsu wuri ne da ninkin zai samu ya buɗe kafin ya isa ƙarƙashin allura.

Kuskurena na farko a wajen yankan ƙyalle ne. Na saba yanka shi a kwance, daga gefen yadi zuwa ɗaya gefen, haka kuma na yi domin gwaji, na jona guntaye biyu da miƙaƙƙen ɗinki. Ƙyallen ya shiga mazurari yana tirjiya, yana ɗan tattarewa a ninkin ƙasa, da mahaɗar ta iso kuwa sai komai ya tsaya cik, domin kaurin ɗinkin ya taru a wuri ɗaya ya toshe maƙogwaron ƙarfen. Keke na ta suka a waje ɗaya har zaren ƙasa ya dunƙule. Bayan na warware, na sake jonawa a karkace, wato na ɗora bakin ƙyalle ɗaya a kan ɗaya su yi gicciye, na ɗinka daga kusurwa zuwa kusurwa, na rage rarar, na buɗe ɗinkin da dutsen guga. Ta haka kaurin yakan bazu, wani ɓangare ya wuce kafin wani ya iso, mazurarin kuma ya haɗiye shi ba tare da ya shaƙe ba.

A nan ne kuma na tsaya na yi tunani a kan wani abu da ba a cika faɗa ba idan ana yabon wannan ƙarfe. A tsohuwar hanya, tunda an ninka ƙyallen biyu kafin a ɗinka, hawa biyu na yadi ne ke kwance a kan ainihin tsinin bakin bargo, inda hannu ke kamawa, inda yake gogar ƙasa da gefen gado. Mazurari kuwa gefuna kawai yake kalmashewa ciki, tsakiyar ƙyallen da ke hawa kan tsinin hawa ɗaya ce tak. Idan kuma an yanka ƙyallen a miƙe, zare ɗaya ko biyu na saƙar yadin ne za su kwanta a kan wannan tsini tun daga farko har ƙarshe, ranar da suka cinye kuwa sai bakin ya tsage a tsaye kamar an bi shi da reza. Ƙyallen da aka yanka a karkace, a kan digiri 45, zarurrukansa ƙetare tsinin suke yi ɗaya bayan ɗaya, don haka gugar takan rabu a kan ɗaruruwansu. Saboda haka na yanke shawarar cewa tunda na rasa hawa guda, ba zan rasa karkata ba, sai na koma ga bayas na ainihi, wanda kuma ya fi laushin bin lanƙwasar ƙarfen.

Kewayen bargon inci 264 ne, na ƙara inci 12 domin kusurwoyi da haɗin ƙarshe, ya zama 276. Idan aka ninka wannan da faɗin inci 2, za a ga cewa yadi mai inci 24 a kowane gefe zai isa da ƙyar, don haka na yanka mai inci 27 domin in sami rarar gwaji da abin da mahaɗai za su ci. Na fesa masa sitaci kaɗan na goge kafin yanka, abin da ya sa gefunan suka tsaya ba su yi ta zarewa ba. Faɗin yankan kuwa ba wurin sakaci ba ne. Wani ƙyalle da ya fi sauran da ɗan ƙanƙanin abu ya riƙa naɗewa a cikin ƙarfen, wani da ya gaza kuma gefensa bai kalmasu sosai ba, ɗanyen bakin yadi ya leƙo a baya. Sai da na auna kowanne da rula na ware waɗanda suka kauce. Bayan na jona su duka na naɗe su a jikin kwalin da zare ya ƙare a kai, na zura shi a kan wani tsinke a tsaye ta hannun dama na keken, domin ya riƙa warwaruwa da kansa.

Shi kansa bargon sai da na gyara masa baki. Na shimfiɗa shi a kan babban tebur, na daidaita kusurwoyinsa huɗu da rula mai kusurwa, na yanke rarar auduga da ta yadin baya, sannan na auna shi daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu don in tabbatar awon ya zo ɗaya. Da na gwada wani guntun da na haɗa da ragowar kayan, sai na ga hawa ukun suna rabuwa a bakin mazurari, na sama ya shiga, na baya ya lanƙwashe ya tsaya a waje. Maganin abin shi ne a zagaye bargon gaba ɗaya da ɗinki kusa da baki, kamar kashi ɗaya cikin 8 na inci. Na fara da miƙaƙƙen ɗinki, daga baya na ga ɗinkin zigizag ya fi, domin ban da haɗe hawa ukun yana kuma danne audugar ta kwanta, bakin ya zama siriri mai ƙwari kamar gefen kwali. Audugata mai sirantaka ce, wannan ya taimaka. Da irin mai kumburin nan ta roba ce, ina shakkar ko za ta shiga bakin rabin inci ko da an danne ta.

Na sa allura mai lamba 90/14, na tsawaita ɗinki zuwa milimita 3, na zaɓi zare mai launin bayas ɗin a sama da ƙasa, tunda a wannan hanya ɗinkin a bayyane yake ta fuska biyu, babu inda zai ɓuya. Zura ƙyallen a mazurari na buƙatar dabara kaɗan: akan yanke kansa ya yi tsini, a tura shi ta bakin shiga, a riƙa jan sa da tsinin basilla ta wata tsaga da ke jikin ƙarfen har ya fito ta ɗaya bakin. A karon farko na zura shi a birkice, sai ga bayan yadi ya fito a waje, domin a irin nawa ƙyallen yakan juya ne a daidai bakin fita, saboda haka bayan yadin ne ya kamata ya kalle ni lokacin zurawa. Na ja inci uku zuwa bayan ƙafar keke, na ɗinka shi shi kaɗai ba bargo har ninkin ya zauna, sannan na cusa bakin bargon a tsakanin leɓɓan biyu, daga tsakiyar gefe mai tsawo, nesa da kusurwa.

Taƙi biyu na farko sun tafi sumul har na fara jin daɗi, na ƙara wa keke gudu, ashe da sauran rina a kaba. Mazurari aikinsa ninki ne kawai, ba ya jawo bargo, ba ya riƙe shi, bai kuma damu ba ko akwai wani abu a cikin bayas ɗin ko babu. Bargo mai wannan girma yana da nauyi, rabinsa na rataye a gefen tebur ta hagu, kuma nauyin yana janye bakin daga cikin ninkin a hankali, ba tare da ido ya lura ba. A sama ɗinkin yana nan a miƙe gwanin kyau. Da na tsaya na ɗaga na duba, sai na tarar bargon ya zame har bayas ɗin bai kama komai ba sai zaren zigizag, idan na matsa shi da yatsa sai in ji shi fanko kamar bututu. Ga kuma wata matsalar a gefe guda: naɗin bayas ya maƙale a jikin tsinkensa, keke ya yi ta jan sa yana miƙewa, da ya saki kuma sai ya koma yadda yake ya tattare bakin bargon, gefen ya ɗan kumbura ya ƙi kwanciya. Na zauna na farke kusan inci 20, ina tsintar guntayen zare da hantsaki, ina kuma jin haushin kaina.

Kafin in sake farawa na jawo wani tebur na jingina shi ta hagu, na ajiye teburin guga a bayan keken na sauke shi daidai tsayinsa, ta yadda babu wani ɓangare na bargon da ke lilo. Na naɗe ragowar na ɗora a kan cinyata. Daga nan ne na gane inda hannuwa ya kamata su kasance. Hannun hagu a shimfiɗe yake a kan bargon, ɗan gaba da ƙafar keke, yana tura shi zuwa dama, cikin maƙogwaron ƙarfen, har ma nakan ɗan karkata shi kamar ina so ya hau kan mazurarin, domin haƙoran keke kullum waje suke neman kai shi. Hannun dama kuwa ba ya jan komai, yakan warware bayas ne kawai ya bar shi sako-sako. Idona ma na ɗauke shi daga kan allura na mayar da shi inda bargon ke shiga ninki, domin duk abin da ya isa ƙarƙashin allura ya riga ya wuce gyara. Na rage nauyin dannawar ƙafar keke kaɗan saboda hawan sama ya daina turuwa gaba, na kuma riƙa tsayawa bayan kowane taƙi biyu, allura a ƙasa, in shafa bayan da yatsa in ji ko ninkin yana nan a ƙarƙashin zare. Idan mahaɗa ta kusato, nakan sassauta gudu in taimaka mata da basilla ta cikin tsagar har ta wuce. A haka na gama ragowar gefen farko cikin mintuna kaɗan, kuma ba zan ɓoye ba, ganin bayas yana fitowa ta bayan ƙafa a ɗinke sama da ƙasa, abin da a da yakan ci mini dare guda, ya sa na yi murmushi ni kaɗai.

Kusurwa ita ce inda gizo ke saƙar. Ƙarfen ba ya iya shan kwana, don haka mutum ne zai yi wannan da yatsunsa. Na ci gaba da ɗinki har allura ta kai ƙarshen bargon daidai, na koma baya sūka biyu don ɗaurewa, na ɗaga allura da ƙafa, na yanke zare. Sai na ja bargon zuwa baya a hankali har bayas ya fito daga mazurari kamar inci huɗu, a ninke yadda ƙarfen ya ninka shi, na bi shi da farce na danne ninkin don kada ya buɗe. Daga nan na juya bargon, na lanƙwasa bayas ɗin ya bi sabon gefen, wanda ya sa wata 'yar rara ta taso a kusurwar ta sama da ta ƙasa. Wannan rarar ce ake kwantarwa ta zama karkataccen ninki mai tafiya daga tsinin kusurwa zuwa ciki. Na gyara na sama na soke shi da fil, na juya na gyara na ƙasa shi ma na soke, na mayar da bargon ƙarƙashin ƙafa, na sauke allura da hannu a daidai cikin ninkin. Abu na ƙarshe, wanda na manta a kusurwar farko, shi ne a jawo rarar bayas ɗin baya ta bakin shiga na mazurari har ya miƙe, sannan a mayar da bakin bargon cikin maƙogwaro kafin a taka keke.

Da yake na manta da wannan, rarar ta taru a gaban ƙafa ta yi wata tattara mai kama da kunnen jaka, sai da na farke na sake. A kusurwa ta biyu na sama ya yi kyau, na ƙasa kuwa ya zame lokacin da nake cire fil, allura ta wuce ta gefensa. Ta uku ce ta fara yin kama da abin da nake nema, bayan na daina amfani da fil a ƙasa na koma ɗaure ninkin da sūka biyu na allurar hannu, wanda na cire daga baya. Ta huɗu ta fito tsaf, har na riƙa komawa ina kallonta. Duk da haka, a ganina kusurwar da aka yi ta tsohuwar hanya ta fi cika da kaifi, domin tana da yadi mai yawa a ciki, wannan kuwa 'yar siririya ce, kuma farkon sabon ɗinki da ƙarshen tsohon suna haɗuwa a kanta a bayyane. Wanda bai damu da kusurwa mai tsini ba yana da mafita mai sauƙi: ya ɗora faranti a kowace kusurwa ya zana da alli ya yanke ta zama lanƙwasa, bayas zai bi ta ba tare da an tsaya ko an yanke zare ba. Na gwada haka a kan guntun gwajina, ya kuma tafi lafiya, sai dai zanen fuskar wannan bargon murabba'ai ne, yanke musu kusurwa zai ɓata su.

Haɗin ƙarshe shi ma da hannu ake yinsa. Da ya rage kamar inci shida in iso inda na fara, na tsaya na yanke wutsiyar farko, wadda na ɗinka ba bargo a ciki, daidai da bakin bargon. Na ci gaba kaɗan, sannan na ture mazurarin gefe, na zaro bayas ɗin daga cikinsa, na auna yadda zai hau kan na farko da inci ɗaya da rabi na yanke. Na kalmashe rabin inci na ƙarshensa ciki, na mayar da ninkinsa yadda yake, na lulluɓe farkon da shi, na ƙarasa ɗinkin ina danne shi da basilla har na wuce mahaɗar. Wurin ya ɗan yi kauri, yatsa yana jin sa ko da ido bai kama ba, kuma da na sani da na fara daga gefen da zai kasance ta ƙafar gado maimakon tsakiyar gefe mai tsawo.

Idan aka cire gwaje-gwajen kwanakin farko, ɗinkin bakin gaba ɗaya bai kai awa biyu ba, har da farkewar da na yi da kokawar kusurwoyi. Sai dai yankan bayas da jona shi da zagaye bargon da zigizag sun ci wata awa biyun, wanda a tsohuwar hanya ba na yin rabinsa. Da yayata ta zo, na miƙa mata bargon ta fuskarsa ina jiran yabo, ba ta ko kalli fuskar ba, ta ce, "Juya mini bayansa." Ta bi bakin da babban yatsa tun daga kusurwa, a hankali, kamar mai neman ƙaya, har ta tsaya a wani wuri a gefe na uku ta cusa farce a ƙarƙashin bayas ɗin ya ɗaga. Tsawon gaɓar yatsa biyu ne allura ta kuskure ninkin ƙasa, daidai inda wata mahaɗa ta wuce. Na ce, "Yaya, wannan kaɗai kika samu a inci 264?" Ta ce wannan kaɗai ɗin ne zai fara buɗewa a wanki. Na ɗauko allurar hannu na kama wurin tana zaune tana kallo, ta kuma yarda cewa ɗinkin ya fi nata miƙewa, ko da yake ta ƙara da cewa bargon da za a ajiye wa jikoki ba za ta sa masa baki mai hawa ɗaya ba.

A wannan ban yi mata gardama ba. Bargon da na daɗe ina yi wa ado, wanda nake so ya yi shekaru, zan ci gaba da ninka masa ƙyalle gida biyu, ko da zan ɗinka bayan da keke maimakon hannu saboda yatsuna. Mazurarin kuwa ya sami wurinsa a kan bargunan yara, shimfiɗun tebur da ƙananan abubuwan da ake yi da yawa a lokaci ɗaya, inda da zarar an daidaita ƙarfen sau ɗaya sai a yi ta wucewa. Na wanke wannan bargon sau uku zuwa yanzu, bakin ya ɗan yi laushi ya kwanta, zaren kuma ya nutse cikin yadin har ba a ganinsa sosai. Kusurwa ta biyu ce kawai ta buɗe kaɗan ta baya bayan wankin farko, na rufe ta da sūka huɗu. Kafin in kwance ƙarfen daga kan keke na manna 'yar takarda a jikinsa, na rubuta matsayin allura da tsawon ɗinki da faɗin yanka, na kuma zana alama a shimfiɗar keken daidai inda gindinsa ya zauna, domin bargo na gaba yana nan a kan tebur an riga an zana masa kusurwoyi da faranti.